Keke a gandun De Hoop

Duk wanda ya tambaye ni inda zai kai kekensa a wannan yanki na kudancin Afirka ta Kudu, De Hoop nake ce masa, amma da sharaɗi. Idan gudu yake nema, da gangara mai sa hantar ciki ta kaɗa, ya tsaya a kewayen Kef Tawun ko Stellenbosch, can akwai hanyoyin da aka sassaƙa musamman don haka. De Hoop gandun daji ne. Tsirrai da dabbobi su ne masu gida, mai keke baƙo ne da aka yi wa alfarma, kuma ina jin wannan alfarmar har cikin raina.

Daga Kef Tawun tafiyar kusan awa 3 ce a mota, ka nufi gabas. Za ka bi babbar hanyar N2 har Caledon, ka karkata ta Napier zuwa Bredasdorp, bayan nan da kaɗan kwalta ta ƙare sai tsakuwa da ƙura. Yankin Overberg ke nan, ƙasar alkama da tumaki. A watan Agusta da Satumba gonakin kanola, wata shukar da ake matse mai daga irinta, suna fure, tuddai su yi rawaya iya ganinka, ga wasu tsuntsaye masu launin toka, dangin gauraka, suna kiwo bibbiyu a cikin gonaki. Su ne tsuntsun da ƙasar ta ɗauka tambarinta. Ƙofar gandun a kan tudu take. Da ka wuce ta sai komai ya buɗe a gabanka lokaci guda: fili shimfiɗe a ƙasa, dogon tafki a gefe, fararen tuddan rairayi can gaba, sannan teku. Tekun Indiya ne, don an riga an wuce Agulhas, ƙarshen nahiyar Afirka ta kudu, inda ake cewa ya haɗu da Atilantika.

An keɓe wurin a 1957, yau faɗinsa ya kai hekta 34,000, hukumar CapeNature ce ke kula da shi. Abin da ya sa ake barin mutum ya hau keke ko ya taka da ƙafa shi ne babu zaki, babu giwa, babu ɓauna. A gandun Kruger ba ka isa ka sauka daga mota ba sai inda aka ce ka sauka. A nan kuwa kai da dabbobin ƙasa ɗaya kuke takawa, iska ɗaya ke kaɗa ku.

A Katsina na koyi keke, irin baƙin keken nan na aike mai kariya a baya, wanda ba shi da giya. A wurinmu keke abin biyan buƙata ne, a je gona, a je kasuwa, a kai niƙa. Sai da aiki ya kawo ni Kef Tawun wani abokin aikina ya ara mini irin wanda ake hawa duwatsu da shi: tayoyi masu faɗi da haƙora, shokozoba a gaba, birkin da ke kama faifan ƙarfe a tsakiyar taya, da giya mai sauƙin da za ka hau tudu kana zaune a sirdi. Tun daga lokacin na kamu.

Hanyoyin keken suna tashi ne daga Opstal, tsoffin gidajen gona masu farin fenti da rufin ciyawa, a ƙarƙashin wasu manyan bishiyoyi dangin cediya. A ofis ake karɓar taswira. Akwai gajeru a kan fili waɗanda ko yaro zai bi, akwai dogaye masu hawa tuddan dutse. Duk an sa musu alama, kuma yawancinsu tsoffin hanyoyin motar ma'aikata ne, sawu biyu da ciyawa a tsakiya.

Filin da ke kusa da Opstal shi ne wurin dabbobi. Bontebok ne suka fi yawa, dangin barewa amma sun fi ta jiki, launinsu ja mai duhu, da farar fuska da farin gindi da fararen ƙafafu. Ganin yadda suke kiwo hankali kwance ba za ka ce wannan dabba ta taɓa kusan ƙarewa a duniya ba. Lokacin da aka kafa musu gandu na musamman kusa da Bredasdorp a 1931, guda 17 aka fara da su. Akwai jakunan dawa irin na kan duwatsun Kef, waɗanda su ma da ƙyar suka tsira, akwai jiminu, akwai garken gwaggon biri da ke tonon saiwa a bakin hanya.

Amma iland ne ya tsaya mini a rai. Shi ne mafi girma a duk dangin su gwanki, namijin da ya ƙasaita yakan doshi kilo 900. Wata safiya muna tafe da abokina, wani ɗan Damagaram da ke karatu a Stellenbosch, sai ya ɗaga hannu ya sa ƙafa a ƙasa.

"Malam, dakata. Kana jin wannan?"

Na tsaya. Da ƙarar taya ta ɗauke sai na ji shi: ƙas, ƙas, ƙas, a jere, ba sauri. Wani tsohon namiji ne ke tsallaka hanya a gabanmu, launinsa ya koma toka-toka, leɓar wuyansa tana reto, ga tulin gashi a goshi. Daga gwiwoyinsa na gaba sautin ke fita duk takun da ya yi. Manyan maza ne ke yin haka, kuma sauran maza suna ji daga nesa su san girman wanda ke tafe. Bai ko waiwaye mu ba. Garken ya bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye riƙe da kekuna har na ƙarshe ya shige.

"Wallahi da a mota muke, da ba mu ji ba," in ji abokina.

Gaskiya ya faɗa. Kuma da gudu muke yi, da tun daga nesa sun watse.

Da ka bar fili ka fara hawa, ƙasar take canza hali. Dutsen farar ƙasa ne, duk ramuka da kaifi, yana cin gefen taya idan iska ta yi mata kaɗan. Idan kuma iskar ta yi yawa, keken sai ya riƙa tsalle, hannu ya yi tsami. Inda motoci suka fi bi, hanyar ta yi kunya-kunya, sai ka ji kamar a kan kwanon rufi kake tuƙi. Maganin wannan shi ne ka ɗan ɗaga daga sirdi, ka saki gwiwa da gwiwar hannu, kada ka ƙanƙame kan keken. Can kuma sai ka faɗa rairayi ba zato. A nan giya mai sauƙi ake sawa tun kafin a shiga, a mayar da nauyi baya, a ci gaba da taka feda ba tsayawa, a bar tayar gaba ta nemi hanyarta. Wanda ya ce zai murɗa kan keke da ƙarfi a cikin rairayi, ƙasa zai sha. Inda ya gagara, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. A kwanoni da dama, musamman inda hanya ta zagaya wani tudu, za ka ga wani siririn sawu ya yanke kai tsaye ta cikin tsirrai. Masu keke ne suka yi shi. Na taɓa ganin wasu da idona, su da kekunan da kuɗinsu zai sayi mota, kai a sunkuye, ido a kan na'urar da ke auna musu lokaci, suka yanke kwana ta cikin daji don su rage 'yan daƙiƙoƙi. Na ƙarshensu ya danne birkin baya, taya ta ja ƙasa ta bar tabo. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau kuma in na tuna sai ya sosu.

Wanda bai san wurin ba zai ce mene ne a ciki, ai 'yan ƙananan itatuwa ne da ba su wuce ƙugu ba. To waɗannan 'yan itatuwan su ne dukiyar gandun, sun fi dabbobin ma. Ana kiran irin wannan daji feinbos. Yankin Kef kaɗai yana da nau'in tsirrai wajen 9,000, kusan kashi 70 cikin 100 ba a samun su ko'ina a duniya sai nan, shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, da De Hoop a ciki. A wannan gandun kawai akwai nau'i kusan 1,500. Waɗanda ke kan dutsen farar ƙasa kuwa sun fi kowa tsukewar wurin zama, don ba sa rayuwa sai a kan wannan dutsen, shi kuma ɗan zirin bakin teku ne kawai.

Ka sauka daga keke ka durƙusa ka duba. Ƙasar da ke kan dutsen wani wuri ba ta kai zurfin ɗan yatsa ba, wani tsiron ma a cikin ramin dutse ya kafa saiwa, inda ɗan ƙura da ruɓaɓɓen ganye suka taru. A taku ɗaya za ka ƙirga tsiro iri-iri: mai ganye siriri mai tsini, mai ƙananan furanni ja masu siffar ƙararrawa, ciyawa mai kara tsaye wadda danginta ake yanka a yi rufin gidajen Opstal, da wani ɗan ganye da in ka murza shi ƙamshi zai kama hannunka har yamma. Sama da su ga wani ɗan itace da ake kira furotiya, mai jan fure, wani tsuntsu mai doguwar jela yana cusa baki a ciki yana shan zaƙinsa, goshinsa duk garin fure, daga nan ya kai wa na gaba.

Rayuwar wannan daji da wuta take tafiya. Sai ya ƙone bayan shekara goma sha wani abu kafin ya sabunta. Wasu furotiya suna riƙe irinsu a cikin busasshen kai shekara da shekaru, sai wuta ta wuce ya buɗe ya zubar a kan toka. Wasu kuma tururuwa ce ke musu aiki. Ƙwayar irin tana da ɗan maiƙo a jikinta, tururuwa ta ja ta zuwa rami, ta cinye maiƙon, ta bar ƙwayar a binne inda ɓera ba zai same ta ba, wuta ma ba za ta ƙone ta ba. Nan za ta kwanta har ranar da zafin gobara da hayaƙi suka tashe ta. Wato ƙasar da ka ga kamar babu komai a kanta, rumbu ce cike da irin da ke jiran lokacinsa. Taya ɗaya ta bi ta kai, ta biyu ta ga sawu ta bi, kafin wata ya zagayo an sami hanya. Damina ta zo, wadda a nan lokacin sanyi take sauka, daga Mayu zuwa Agusta, ruwa ya sami magudana ya kwashe 'yar ƙasar da irin da ke cikinta, ya bar dutse tsirara. Abin da aka ɓata don daƙiƙa biyar, mai keken ba zai ga gyaruwarsa ba a rayuwarsa.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani. Tun tuni aka kawo wata bishiya dangin bagaruwa daga Ostareliya, ana ce mata rooikrans, don ta riƙe rairayin bakin teku. Ta riƙe, ta kuma wuce gona da iri, ta mamaye wurare ta shaƙe tsirran asali. Ana ta fama da saranta a De Hoop, za ka ga kututture da tarin busassun rassa a wasu wurare, aikin da gwamnati ta ƙarfafa tun da ta fito da shirin yaƙi da baƙin tsirrai a 1995. Irin baƙin tsiro yana tafiya a cikin taɓon da ya maƙale a haƙoran taya. Don haka nakan wanke kekena tas a gida kafin in ɗora shi a mota, in bi tayoyin da buroshi. Aikin minti kaɗan ne.

Tafkin ba zan daɗe a kansa ba. Kogin Sout ne ke zuba a cikinsa, rairayi ya toshe masa hanyar teku, ruwansa zartsi ne, yana cika yana janyewa gwargwadon shekara. Tun 1975 yake cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Hanyar da ke bin gaɓarsa ta fi kowace daɗi da sassafe: kwasa-kwasa, agwagin ruwa, wani lokaci filamingo, ga rema suna shan hantsi a kan duwatsu.

Doguwar tafiyar ita ce zuwa Koppie Alleen, bakin teku, fiye da kilomita 10 daga Opstal. A can ake jingine keke. Daga nan sai ƙafa, ta kan katakon da aka shimfiɗa, zuwa saman tudun rairayi fari fat mai kashe ido. Idan tsakanin Yuni da Nuwamba ka zo, zauna kawai ka kalli bayan inda igiyar ruwa ke karyewa.

Da farko ba za ka ga komai ba sai wasu baƙaƙen abubuwa da za ka ɗauka duwatsu ne. Sai ɗaya ya yi numfashi, feshi ya tashi sama ya rabu biyu. Kifin wel ke nan, irin na kudu, wanda ba shi da ƙaya a gadon baya. Tsawon babba yakan kai mita 15. Sunan kifi kawai ya ci, dabba ce mai shaƙar iska mai shayar da ɗanta nono. Daga ruwan sanyi na wajen Antaktika suke tasowa su zo nan su haihu, kuma gaɓar De Hoop tana cikin manyan wuraren renonsu a duniya. Uwar kusan ba ta cin komai duk watannin da take nan, kitsen da ta tara take ƙonawa tana shayarwa. Na zauna na kalli wata da ɗanta kusa da gaɓa ƙwarai, har ina ganin fararen ƙurajen da ke kanta. Ɗan yana ta hawa bayanta yana zamewa, yana dukan ruwa da jela, ita kuwa ko motsi, sai can ta juya ciki sama ta ɗaga fiffike ɗaya. Waɗannan ƙurajen kowane wel da irin tsarin nasa, da su masu binciken Jami'ar Piretoriya ke gane su ɗaya-ɗaya a hotunan da suke ɗauka daga jirgin sama duk shekara. Mafarauta sun kusa ƙarar da su, saboda ba su da sauri, suna son gaɓa, kuma gawarsu ba ta nutsewa. Sai a 1935 aka hana kashe su. Ruwan da ke gaban gandun ma an kare shi tun tsakiyar shekarun 1980, har kilomita 5 cikin teku ba a kamun kifi.

A kan wannan rairayin muka yi azahar. Abokina ya duba waya ya nuna mini alƙibla, kusan arewa sak da ɗan karkata gabas, teku a bayanmu. Rana ma a arewa take tsayawa a nan, inuwarka ta faɗi kudu. Mun yi alwala da ruwan gorarmu da tsantseni, don babu inda za a ƙara.

Na ji masu cewa me zai hana a bar kekuna masu ƙatuwar taya su bi bakin ruwa. Amsar tana yawo a gabanka a kan duwatsu: wani baƙin tsuntsu mai jan baki da jan ido, mai cin kifin ɓawo. Ba ya saƙa sheƙa. Ɗan rami yake yi a rairayi sama da inda ruwa ke kaiwa, ya saka ƙwai masu launin ƙasar, a lokacin zafi, daidai lokacin da mutane suka fi zuwa. Ko kana nema da ƙyar za ka gan su, balle kana kan keke. Da Afirka ta Kudu ta hana motoci hawa rairayin bakin teku a 2001, yawan tsuntsun ya ƙaru. Ina goyon bayan a bar keke inda aka ce a bar shi.

A gabashin gandun akwai dutsen Potberg. Daga gindinsa ne masu tafiyar ƙafa ke fara hanyar kilomita 55 ta kwana 5 da ke ƙarewa a Koppie Alleen. Ni abin da ke kai ni can ungulaye ne, manya, 'yan'uwan mikiya, masu launin ƙasa-ƙasa mai haske. A wani kwazazzabo na dutsen suke sheƙa, kuma nan ne kaɗai ya rage musu wurin hayayyafa a duk lardin Yammacin Kef. Da hantsi, in ƙasa ta ɗumama, sai su fito su hau iska suna kewaya ba tare da kaɗa fiffike ba, su bazu cikin gonakin Overberg neman mushen tumaki. Manoman yankin sun bar musu mushen, sun kuma rage sa guba, shi ya sa suke ƙaruwa. Duk lokacin da na ɗaga kai na gan su sai in tuna mahautar garinmu ina yaro, yadda ungulu ke cika kan katanga har ba mai kula ta. Yanzu ka je ka duba. Guba da masu sayen sassan jikinta don tsibbu sun gama da ita, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Yaran da ke tasowa a can da yawa ba su taɓa ganin ta ba.

Wanda ya yi niyyar zuwa, Agusta zuwa Oktoba ya fi: furanni sun buɗe, wel suna nan, zafi bai sauka ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu rana tana da ƙarfi, babu inuwa a hanya ko kaɗan, ga iskar kudu maso gabas da ke tashi da rana ta hana keke tafiya, don haka a fita da asuba a dawo kafin ta kankama. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, da hular kwano, da famfo, da kayan faci da tif na ko-ta-kwana, don mai faci mafi kusa yana Bredasdorp. A sa ido a ƙasa saboda macijiyar nan kasa, ita ba ta gudu, kwanciyarta take yi a tsakiyar sawu tana shan rana. A tsaya nesa a ba ta lokaci. Kunkuru in yana tsallakawa a jira shi, kada a ɗaga shi, don tsoro yana sa ya zubar da ruwan da ya tara a jikinsa na rani. Namijin jimina kuma in ka ga ƙwaurinsa da bakinsa sun yi ja, lokacin barbara ne, a ba shi hanya tun daga nesa. Wurin kwana a lokacin wel yana cika da wuri, sai an kama tun da watanni.